Tazara da Tsawon Tafiya Tsakanin Filin Jirgin Saman Kano da na Jidda: Nazari daga Ƙaraye da Rogo

Tsakure

Wannan maƙala ta auna nisan da ke tsakanin Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, ta kuma nuna cewa awannin da ke rubuce a tikiti ba su ne tsawon tafiyar maniyyacin Ƙaraye ko Rogo ba.

Nisa da Lokaci

Idan aka bi layi mafi gajarta a doron duniya, tsakanin filayen biyu akwai kimanin kilomita 3,400. Layin yana ratsa yankin Tafkin Chadi da ƙasar Chadi, ya bi arewacin Sudan, ya tsallake Bahar Maliya. Jirgin fasinja da ke gudun kilomita 850 a awa zai cinye wannan tazara cikin awa 4, amma da hawa da sauka da jiran izinin hasumiya, tafiyar kan kai awa 4 da rabi zuwa 5. Agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da awa 2, don haka wanda ya tashi ƙarfe 10 na dare zai sauka wajen 5 na asuba a agogon can. Maniyyacin da bai gyara agogon hannunsa ba sai ya ga ana haramar sallah shi kuwa nasa yana nuna ƙarfe 3.

Layin nan ba sabo ba ne. Alhazan ƙasa sun bi Maiduguri da Abeche da Alfashir da Khartum har Suwakin, wasu su shekara da shekaru a hanya, suna noma suna tara guzuri. Jiragen farko da suka sauka Kano a 1925 ma ta Khartum suka biyo, haka zirga-zirgar kamfanin jiragen sama na Imperial Airways da aka buɗe a 1936.

Nisa bai canza ba, amma lokaci yana hannun siyasa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen aikin Hajjin wannan shekara sai da suka yi zagaye. Awanni suka ƙaru, man jirgi ya ƙaru, kamfanoni suka nemi Hukumar Alhazai ta Ƙasa (NAHCON) ta ƙara kuɗin kujera.

Ɓangaren da Ba A Lissafawa

A nan ne, a ganin marubuci, lissafin da aka saba yake da giɓi. Rogo tana can bakin iyakar Kano da Katsina da Kaduna. Maniyyaci daga ƙauyukanta zai fara ne da babur ko motar kasuwa, jaka a cinya, 'yan rakiya a baya, kafin ya hau kwalta ya nufi birni. Daga nan sai sansanin alhazai: awon kaya, karɓar fasfo da guzuri, sannan zaman jiran kiran jirgi, wanda kan kai wuni, wani lokaci har a kwana a tabarma. Bayan sauka a Jidda kuma akwai layin shige da fice, da kusan kilomita 100 na mota zuwa Makka. Waɗanda aka sauke a Madina suna da wasu kilomita 400 da ɗoriya a gabansu.

Saboda haka ma'aunin da ya dace da tsoho mai ciwon suga ko hawan jini shi ne daga ƙofar gida zuwa masauki. Da shi ya kamata malaman bita na ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo su tsara wa maniyyata lokutan shan magani da cin abinci, da inda za a ɗaura harami.