Gadon jure gishiri a shinkafa: abin da iri zai iya da wanda ba zai iya ba

Shinkafa ba ta shiri da gishiri. Idan ya taru a ƙasa, saiwa takan kasa jan ruwa ko da kwamin a cike yake. Sannan sinadarin sodiyum da ke cikin gishirin yakan haura ganye ya ture fotashiyam, wanda shuka ke buƙata. Shi ya sa za ka ga bakin ganye ya ƙone, shuka ta tsumbure.

Daga ina juriyar ta fito?

Juriyar gishiri gado ce. A jihar Kerala ta Indiya akwai tsohon irin gargajiya mai suna Pokkali, da ake nomawa a bakin teku inda ruwan gishiri ke shiga gona. Yana jurewa, amma dogo ne, yana kwanciya, amfaninsa kuma kaɗan. Masana a cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin suka yi masa barbara da irin IR29, wanda ba ya jure gishiri, suka bi diddigin 'ya'yan. Shinkafa tana da kuromosom tagwaye 12, wato ƙullin da bayanan gado ke ciki. A kan na 1 suka gano yankin da ke ɗauke da kaso mai tsoka na juriyar, suka sa masa suna Saltol.

A 2005 masana a China suka bayyana wata ƙwayar gado a wannan yanki, SKC1, daga irin Nona Bokra na Indiya. Aikinta shi ne tace sodiyum daga ruwan da ke hawa daga saiwa, don kada ya isa ganye.

Iyakar Saltol

Saltol ya fi kare shuka tana ƙarama, lokacin reno da bayan dashe. Sa'ad da shinkafa ta yi ciki ta fara fitar da kai, gishiri na iya sa zangarniya ta zama fanko, kuma wasu ƙwayoyin gado ne dabam ke aiki a lokacin. Gona na iya yin kore shar, a zo girbi a ga ba nauyi.

Ga masu noman rani

Idan ka ga farin gishiri a kunya, kafin ƙungiya ta sayi iri a tambaya: a wane mataki yake jurewa? A gwada shi a kwami ɗaya ko biyu tukuna. A gyara magudanar ruwa, a riƙa wanke kwami da ruwa mai daɗi ana sakinsa waje, kar a bari ya bushe lokacin fitar da kai. Iri yana jure gishiri ne, ba ya kwashe shi daga gona.