Izinin Fayil a Ɓangaren Faifan da Windows da Linux Ke Tarayya a Kansa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci halin da izinin fayil ke shiga idan aka girka Windows da Linux a kwamfuta ɗaya, aka ware musu ɓangare guda na faifai don ajiya. Ta nuna cewa a irin wannan ɓangare, lokacin da Linux ke ɗora shi ne ake yanke wa ke da iko da fayil, ba lokacin da aka ƙirƙiri fayil ɗin ba.

Yadda kowanne ke gane mai fayil

Linux ta gaji tsarin Unix: kowane fayil yana da mai shi, da rukuninsa, da sauran jama'a, kowanne da nasa rabon na karantawa, rubutawa da gudanarwa. Abin da ake yawan mantawa shi ne, ba sunan mutum ake rubutawa a faifai ba, lambarsa ce. Debian da Ubuntu na ba mai amfani na farko lamba 1000, macOS kuwa 501. Saboda haka ko Linux biyu ne ke tarayya a kan tsarin fayil na ext4, muddin lambobin suka saɓa, sai mutum ya zama baƙo a kan fayilolinsa, ko da sunan ɗaya ne.

NTFS, tsarin fayil na Windows, wanda ya fito tare da Windows NT 3.1 a 1993, jerin izini yake liƙa wa kowane fayil, yana kuma gane mutum da doguwar lambar SID, wadda ba ta da alaƙa da lambobin Linux. FAT32 da exFAT kuwa ba su da gurbin mai fayil sam.

Abin da ke faruwa wajen ɗorawa

Direban NTFS-3G, da Linux ke ɗora NTFS da shi, wanda sigarsa tabbatacciya ta fito a 2007, hanya mai sauƙi yake bi. Idan ba a ba shi wani umarni ba, yakan buɗe kowane fayil ga kowa, wato 777. Idan aka rubuta uid, gid, fmask da dmask a cikin /etc/fstab, sai ya shimfiɗa mai shi ɗaya da izini ɗaya a kan ɓangaren gaba ɗayansa.

Nan ne haɗarin yake, kuma a ganina ba a ba shi muhimmancin da ya kamata. Mutum zai buga chmod 600 a kan fayil, umarnin ya wuce ba tare da wani ƙorafi ba, alhali babu abin da ya canza. Ya tashi da yaƙinin ya kulle ƙofa, ƙofar kuwa a buɗe take. SSH ya fi gaskiya, domin yana ƙin karɓar mabuɗin sirri da kowa zai iya karantawa.

Magani yana nan: fayil ɗin UserMapping a cikin folda .NTFS-3G, mai haɗa kowace SID da lambar Linux. Sai dai yana son kulawa, domin sake girka Windows na kawo sabbin SID. Direban ntfs3 na kamfanin Paragon ya shiga Linux 5.15 a 2021, amma sabon direba ba ya mayar da SID da lambar Linux su zama abu ɗaya.

Akwai kuma matsalar da ke kama da ta izini alhali ba ita ba ce. Tun daga Windows 8, tsarin Fast Startup ba ya rufe faifai sarai, don haka NTFS-3G kan ɗora ɓangaren don karantawa kawai. Ana kashe wannan tsari ne a cikin Windows.

Shawarar wannan maƙala ita ce a bar /home da mabuɗan sirri a kan ext4, a keɓe ɓangaren tarayya ga takardu, hotuna da sauti.