Daga Marisuwa Zuwa Korona: A Gudu Ko A Tsaya?

'Yan uwana mazauna Ikko, musamman mu na Agege. Yau ina so mu waiwayi wata tambaya da ke taso wa baƙo duk lokacin da annoba ta sauka: in gudu gida in tsira da raina, ko in tsaya tare da jama'a?

Tambayar ta girmi iyayenmu. A watan Satumba na 1918 wani jirgin ruwa mai suna Bida ya iso Ikko daga ƙasar da yanzu ake kira Gana, ɗauke da masu murar nan da dattawa ke kira marisuwa. Babu magani, babu rigakafi, sai tsoro ya kama mutane, kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. To jama'a, hanyar jirgin ƙasan nan da ta ratsa Agege, wadda ke kai goro Arewa, ita cutar ta bi, kafin shekara ta ƙare ta isa Kano. An ƙiyasta mutum wajen 500,000 suka rasu a Nijeriya. Mai gudu bai yi nufin sharri ba, kansa kawai ya duba, amma da yawa sun kai wa danginsu tsarabar ajali.

A 2014 kuma sai ga Ibola. Ranar 20 ga Yuli Patrick Sawyer ya sauka Ikko daga Laberiya. Ya matsa a sallame shi daga asibiti, Dakta Stella Adadevoh ta ce ba inda za shi. Ita ma ta kamu ta rasu, amma tsayuwar da ta yi ta taimaka cutar ta tsaya a kan mutum 20, takwas suka mutu. A wannan lokacin ne aka yi ta buga wa juna waya da tsakar dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, har wasu suka rasa rayukansu. Kun ga ke nan zumunci ma in babu sani yana kisa.

Na korona kuwa duk mun gani. Da aka kulle Ikko ranar 30 ga Maris 2020, ɗan acaba, mai shayi da ɗan dako suka wayi gari ba na abinci. Sai kuma labarin 'yan daba masu kiran kansu One Million Boys ya bazu a watan Afrilu. Mutanen unguwanni, Bahaushe da Bayarabe, suka riƙa kwana a titi suna ƙona taya suna gadi. Wanda yake shi kaɗai a ɗaki yana jin ba shi da dabara, amma da ya fito ya ga maƙwabci riƙe da tocila sai zuciya ta dawo.

Abin da na fahimta shi ne, tsoro yana raɗa wa mutum cewa shi kaɗai ya rage, daga nan sai gudu ko bin jita-jita. Alhali addininmu ya hana fita daga garin da annoba ta sauka, domin kare na gaba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma masu ɗaukar sai sun san inda za su aje ta. In wata ta sake zuwa, Allah ya kiyaye, mu tsaya, mu ciyar da juna, mu tantance labari kafin mu tura. Allah ya sa mu dace, amin.