Dafin Kwaɗin Kudancin Amurka da Matsalar Kiwonsu a Yanayi Irin na Shanono

Tsakure: Maƙalar ta duba asalin dafin kwaɗin dangin Dendrobatidae, da abin da kiwonsu a akwatin gilashi ke buƙata, sannan ta auna hakan da yanayin Shanono a jihar Kano.

Bahaushe ba baƙon dafin kibiya ba ne. Maharban da can kwankwani suke dafawa su shafa wa kibau, dafin ya tsayar da zuciyar dabba. Mutanen Embera na yammacin Kolombiya kuwa a bayan kwaɗo suke samun nasu. Sukan goga tsinin 'yan kibau a jikin wani ɗan kwaɗo ruwan ɗorawa, wanda tsawonsa kusan santimita 5 ne, su hura su ta cikin bututu. A 1978 Charles Myers da John Daly da Borys Malkin suka raɗa masa suna Phyllobates terribilis. Dafinsa, batrakotoksin, yana hana ƙofofin sodiyum na jijiyoyi rufuwa, har zuciya ta rikice ta tsaya.

Abin mamakin shi ne, ba kwaɗon ke haɗa dafin ba. Binciken Daly da abokansa ya nuna cewa wanda aka ƙyanƙyashe a akwatin gilashi, aka ciyar da shi ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace, ba ya da dafi. A daji, daga tururuwa da ƙananan ƙwarin cikin ruɓaɓɓen ganye wannan dangi ke tara gubar a fata. Wanda aka kamo daga daji kuwa yakan riƙe tasa tsawon shekaru. Shi ya sa masu kiwo a Jamus da Amurka ke neman haihuwar gida, ga kuma yarjejeniyar CITES da ta sa wa cinikinsu takunkumi tun 1987.

To, a Shanono fa? Nan ne lissafin ke wargajewa. Kwaɗin suna son danshin iska kusan kashi 80 cikin 100, da zafin da bai wuce digiri 27 ba. A wannan yanki mai iyaka da Katsina, damina 'yan watanni ce, hunturu yana busar da komai, bazara kuma takan kai digiri 40. Kwaɗo ta fata yake shan ruwa, yana kuma numfashi da ita. Idan wuta ta ɗauke a Afrilu, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, akwatin gilashi ya zama tanda, yini guda ya isa ya hallaka su. Ba daidai ba ne a jefa rai cikin wannan azaba don ado.

Akwai kuma abin da ya fi kusa da gida. A dazuzzukan Afirka ta Yamma, har da Najeriya, akwai Phrynomantis microps, mai jan baya da baƙaƙen gefuna. Yakan yi rani a ramin wasu manyan tururuwa masu harbi, ba su taɓa shi. A 2013 Mark-Oliver Rödel na Balin da abokansa suka nuna cewa sinadaran fatarsa ne ke hana su harbi.

Masana ilimin dabbobi na Jami'ar Bayero da ɗalibansu ya kamata su shiga fadamun Shanono da kewayen madatsar Watari a Bagwai da faɗuwar damina, su ƙirga irin kwaɗin da ke wurin, su kuma auna illar da maganin feshin gona ke yi musu.