Hular Kwano: Shaidar da Ƙasa ta Ajiye

Duk wanda ya ga hawan salla ya san kwalkwali, hular ƴan lifida mai gashin jimina, wadda fada ke tattali tun zamanin kakanni. Amma akwai wata hular yaƙi da ƴaƴan talakawa suka sa a ƙasar da ba tasu ba, kuma tarihin sarauta na shekaru ɗari ba ya cika sai da labarinta. Ita ce hular kwano.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sojan Faransa sun shiga fage da hular yadi. Ɓarɓashin harsashin igwa ya yi ta fasa kawunansu a cikin ramuka, har a 1915 wani hafsa mai suna Luwi Adiriyan ya fito da hular ƙarfe wadda aka sa wa sunansa. Kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, nauyinta bai kai kilo ɗaya ba, kuma an ƙera miliyoyinta. Ta rundunar ƙasashen mallaka tana da alamar ƙugiyar jirgin ruwa a goshi. Irinta ce aka ɗora wa baƙaƙen sojojin da Faransawa ke kira tirayer na Sanagal, ko da yake daga ko'ina cikin Afirka ta Yamma aka kwaso su, har da ƙasar Nijar. Kumandan ke yanke adadi, sarakuna da masu gari kuwa su aka ɗora wa nauyin fitar da samarin. Nauyi ne mai ɗaci, domin wanda aka ɗauka ɗan wani ne da sarki ya sani.

Ranar 24 ga Oktoba 1916 waɗannan sojoji suna cikin waɗanda suka ƙwato ganuwar Duwomon kusa da Berdan. Ranar 16 ga Afrilu 1917 aka tura su tudun Sheman de Dam cikin sanyi da ruwa da laka, hannuwansu sun sandare, dubbai suka kwanta dama cikin ƴan kwanaki. Da yawa ba a ga gawarsu ba. Har yau garmar manoman arewacin Faransa tana tono huluna masu tsatsa a waɗannan filaye. Dokar ƙasar ta hana haƙa ba da izini ba, domin akwai harsasan da ba su fashe ba, kuma sau da yawa ƙasusuwan mai hular suna kwance kusa da ita.

Abin mamaki, ƙarfen da ya yi shekara ɗari a binne yana iya lalacewa cikin ƴan shekaru bayan an fito da shi. Gishirin ƙasa ya riga ya shige shi, da zarar ya haɗu da iska da danshi sai tsatsa ta farka, ta yi ta ɓamɓare shi daga ciki. Saboda haka masanan gidajen tarihi ba su gaggawa. Sukan fara rubuta inda aka samu hular, su ɗauki hotonta, su share ƙasar da buroshi mai laushi. Sai su jiƙa ta wata da watanni cikin ruwan magani mai janye gishiri, su busar da ita sarai. Wani lokaci sukan shafa mata sinadarin tanin, irin wanda ke cikin bagaruwar majema, wanda ke mai da tsatsa baƙa ya tsai da cinta, sannan su rufe da wani kaki na musamman. Ba su cuɗa ta da yashi, ba su yi mata sabon fenti, ba su toshe hujin da harsashi ya yi. Wannan huji shi ne labarin, wanda ya goge shi ya goge shaida.

Wannan darasi ya shafi kowace fada. Sulke da takubba da masu da linzamai na kakanni duk ƙarfe ne, haka ma hulunan kwano da lambobin yabo da tsofaffin sojoji suka bar wa iyalansu. Hunturu abokinsu ne, damina da yoyon soro su ne maƙiyansu. Ya kamata a ɗaga su daga ƙasa, a ajiye su a busasshen wuri, a daina taɓa su da hannu mai gumi. Mafi muhimmanci, a rubuta sunan mai kayan da garinsu da yaƙin da ya halarta tun dattawan da suka sani suna raye. Hular da ba a san mai ita ba takan ƙare a hannun maƙeri ko ta zama kaskon ruwan kaji.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka tafi ba su dawo ba, Ya ja zamanin Sarki, Ya ba magada ikon riƙe amanar magabata.