Gidan lebura tsakanin yaƙe-yaƙe biyu: daga Ingila zuwa ƙasar Maraɗi

Da aka ƙare yaƙin duniya na farko a 1918, sojojin Ingila suka koma gida suka tarar da unguwannin talakawa cunkushe, kuɗin haya kuma ya fi ƙarfin aljihu. A 1919 aka kafa dokar Addison, wadda ta ɗora wa hukumomin garuruwa nauyin gina gidaje su ba ma'aikata haya, gwamnati na tallafa musu. Dokar Wheatley ta 1924 ta ƙara tallafin. Kafin 1939 an gina irin waɗannan gidaje fiye da miliyan ɗaya. Faransa ma ta bi sahu da dokar Loucheur ta 1928, wadda ta tanadi gina gidaje masu araha 200.000 cikin shekara biyar.

Gini ya samu, amma haya ta zama ƙarfen ƙafa. Sabon gida mai ruwan famfo da ɗan lambu, sai ma'aikaci mai tsayayyen albashi ke iya riƙe shi. A garin Stockton, a 1927, an kwashe iyalai daga wata tsohuwar unguwa aka kai su sababbin gidaje, kuɗin haya ya kusa ninkawa. Likitan garin, M'Gonigle, ya bi lissafi ya gano cewa mace-mace ta ƙaru a cikinsu, domin abin da haya ta ci daga kuɗin cefane aka cire shi. Ɗaki ya yi kyau, tukunya ta rame.

A ƙasashen da Turawan nan suke mulka kuwa, lissafin daban ne. An buɗe ofishin gidaje masu araha na Afirka ta Yamma ta Faransa a 1926, shekarar da Yamai ta zama babban birnin Nijar, amma amfaninsa bai wuce ƴan tsirarun ma'aikatan gwamnati na manyan birane irin su Dakar ba. Talakan Age, Gazawa ko Gidan Rumji, haraji da aikin tilas ya sani daga hukuma, aikin da ba a soke ba sai 1946. Shi ke yaɓa ginin kumandan, ya koma bukkarsa ya kwana.

Wanda ya tafi cin rani Kano, inda jirgin ƙasa ya iso a 1911 cinikin gyaɗa ya bunƙasa, ba hukuma ke saukar da shi ba. A Sabon Gari, da aka kafa a 1913, hukuma fili take yankawa, mai hali ya gina ya zuba ƴan haya, yawancinsu mutanen kudu. Bahaushen arewa sai ya nufi Fagge ko cikin birni, ya kwana a zauren fatoma ko na wani malami ɗan garinsu. Hayarsa sau da yawa ba kuɗi ba ce: ɗiban ruwa ne, ko dako, ko gyaran katanga kafin damina. Wannan tsari ya saukar da dubban baƙi, sai dai babu takarda a cikinsa, kuma ranar da maigida ya sauya fuska, baƙo ya naɗe tabarmarsa.

Ko da ambaliyar Gulbi ta rushe tsohuwar Maraɗi a 1945, abin da hukuma ta yi shi ne shata tituna miƙaƙƙu a kan tudu da rarraba filaye. Tubali da azara da yaɓe, kowane magidanci shi ya nemo abinsa.