Ciyawa a Kan Rufi: Daga Soron Kakanni Zuwa Furojet Ɗinmu



A gidanmu, in ciyawa ta fito a kan soro, faɗa za a sha. Kafin damina dole a hau a tuge ta, a yi yaɓe, a gyara indararo. Shi ya sa ranar da malaminmu ya ce akwai jami'o'in da ke shuka ciyawa a kan rufi da gangan, wallahi dariya na yi. Daga baya na bi tarihin abin, sai na daina dariyar.

Mutanen Nowe sun yi ɗaruruwan shekaru suna rufe gidaje da ɓawon itace da ƙasa mai ciyawa saboda sanyi. Na zamani kuwa daga Jamus ya taso. A ƙarshen ƙarni na 19 an riƙa zuba yashi da tsakuwa a kan rufin kwalta don tsoron gobara, sai tsirrai suka fito da kansu, rufin kuma ya yi ƙarko. Daga shekarun 1960 zuwa 1970 masu bincike suka shiga aune-aune: wane irin shimfiɗi ke hana yoyo, wane ke tare saiwa, ruwa nawa ƙasar ke riƙewa.

A Amurka, Jami'ar Jihar Michigan ta fara nata binciken a 2000, lokacin da kamfanin Ford ke shirin rufe masana'antarsa ta Dearborn da tsirrai, fili sama da eka 10. A ƙananan akwatunan gwaji malamai da ɗalibai suka tantance shukar da za ta jure. Birnin Toronto kuma ya mayar da abin doka a 2009.

Yadda yake aiki ba wuya. Ganye na yi wa kankare inuwa, danshin da ke tashi yana sanyaya shi, ƙasar kuma ta tsotse ruwan sama ta sake shi a hankali maimakon ya cika kwata lokaci guda. Duk wanda ya kwana a saman bene a watan Maris ba wuta ya san darajar wannan.

Amma fa kar wani ya kwashi ƙasa ya hau rufin hostel! Jiƙaƙƙiyar ƙasa nauyi gare ta, sai injiniya ya duba ginin. Kuma shukar da ta yi a Michigan ba lallai ta jure ruwan Kudu ko ranar Sakkwato ba.

Nan ne aikinmu yake. Akwati biyu, ɗaya da shuka irin su fasa-ƙaba, ɗaya babu, da ma'aunin zafi, sun isa a fara. Mu da muka tashi muna sanin sanyin ɗakin soro kafin kwano ya kore shi, mu ya kamata mu auna. 'Yan aji huɗu masu neman taken furojet, wa zai shiga mu haɗa?